Jinkirin Kwafar Fayil a Kwamfuta: Abin da Saitin BIOS Zai Iya Gyarawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Ƙorafi ne da ya zama ruwan dare a Kaduna, daga masu ɗaukar bidiyon biki a Unguwar Rimi da Malali, zuwa masu tura fina-finai da karatun malamai a Kawo da Kasuwar Barci, zuwa shagunan buga takardu da ke kewayen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada. Za a soke filash ko haddis na waje, a danna kwafa, koren layin nan na Windows ya taso da ƙarfi kamar zai gama cikin minti biyar, can sai ya rusuna ya kwanta, lissafin lokaci ya tashi daga minti biyar ya koma awa ɗaya da rabi, mai kaya kuma yana tsaye yana jira. Shawarar da ta fi yawo a irin wannan hali ita ce a shiga BIOS a gyara saiti. Wasu sun bi ta sun ga canji. Wasu sun bi ta kwamfutarsu ta ƙi tashi gaba ɗaya. Mafi yawa kuwa ba su ga komai ba, sai ɓata lokaci da kuɗin mai gyara.

Shawarar tana da tushe, amma an faɗaɗa ta fiye da ƙima. BIOS ba ya ƙara wa faifai gudu fiye da yadda aka ƙera shi. Iyakar abin da zai yi shi ne ya cire takunkumi idan an saka, kuma saitin da ke iya zama takunkumin bai wuce uku ko huɗu ba.

Ma'anar kalmomin

Madabod shi ne babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda duk sauran sassa ke haɗuwa a kansa. A jikinsa akwai wata 'yar ƙaramar ma'ajiya da kamfani ya dasa wa manhaja, ita ce ke fara farkawa idan an kunna na'ura, ta duba sassa, sannan ta miƙa ragama ga Windows ko Linux. Wannan manhaja ita ce BIOS. Ta zama ginshiƙi tun kwamfutar IBM ta 1981. Na'urorin da aka ƙera daga wajen 2012 zuwa yau galibi suna ɗauke da magajiyarta, UEFI, amma masu gyara har yanzu BIOS suke kiran duka biyun. Ana shiga ne da danna maɓalli da zarar an kunna: F10 a yawancin HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, Delete a yawancin kwamfutocin tebur da aka harhaɗa.

Haddis shi ne faifan ajiya mai juyawa: fayafai ne a cikin gwangwani, da allura mai kai da komo a kansu. Na laftof yawanci yana juyi 5,400 a minti ɗaya, na tebur 7,200. SSD kuwa ma'ajiya ce marar juyi, babu abin da ke motsi a cikinta. SATA ita ce hanyar da ke haɗa faifai da madabod, wato kebul da bakin da ake soke shi. NVMe sabuwar hanya ce da ƙananan SSD masu kama da tsinken cingam ke bi, kuma ta fi SATA faɗi nesa ba kusa ba.

Sai ma'auni, inda ruɗani ya fi yawa. Kamfanoni suna rubuta gudu da bit, Windows kuma yana nuna shi da bait, bait ɗaya kuwa bit takwas ne. Saboda haka, da wasu dalilai na yadda ake shirya saƙo a kan waya, SATA da aka rubuta wa gigabit 6 ba ta wuce megabait 600 a daƙiƙa, USB 2.0 da aka rubuta wa megabit 480 kuma a zahiri megabait 30 zuwa 40 take bayarwa. Wanda ya ga 35 a allo ya ɗauka an cuce shi, alhali iyakar bakin da ya soke ke nan.

Gudun da ya kamata a sa rai

Kafin a ce abu yana jinkiri sai an san gudunsa na asali. Lafiyayyen haddis na laftof yana kwafar babban fayil guda a kan megabait 80 zuwa 120 a daƙiƙa. Na tebur yana kai 150 zuwa 200. SSD ta SATA tana kai 500 da ɗoriya, NVMe kuma dubbai. Bidiyon biki mai gigabait 50 zai ci kusan minti 24 a bakin USB 2.0, kusan minti 8 idan haddis ɗin na kan USB 3.0, ƙasa da minti 2 idan SSD ce a ɓangarorin biyu.

Ita SATA ta zo hawa uku: ta 2003 mai megabait 150, ta 2004 mai 300, da ta 2009 mai 600. A lura da kyau: ko ta farkon ta fi yawancin haddis na laftof gudu. Ke nan mai tsohon haddis da ke neman a buɗe masa SATA ta uku a BIOS kamar mai Keke Napep ne da ke fatan faɗin sabuwar gadar Kawo zai ƙara wa injinsa ƙarfi. Faɗin hanya yana amfani ne idan abin hawan ya fi hanyar gudu, wato idan SSD ce.

Akwai kuma bambanci tsakanin babban fayil ɗaya da ƙanana dubu goma. Allurar haddis tana buƙatar lokaci ta tashi daga wuri zuwa wuri, kuma ba ta wuce tsalle ɗari ko ɗari da 'yan kai a daƙiƙa. Jakar hotuna da takardun Word za ta iya saukar da gudu zuwa megabait 2 ko 3 a kan faifai mai cikakkiyar lafiya. Shi kuma tashin farko da koren layi ke yi, yaudara ce: Windows yana zuba kayan a cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, tukuna, idan ta cika sai ainihin gudun faifai ya bayyana.

Asalin shawarar: IDE da AHCI

Maganar BIOS ta samo asali ne daga wani zamani takamaimai. Lokacin da SATA ta fito, kamfanin Intel ya fitar da sabon tsarin magana da faifai mai suna AHCI a 2004. Babban amfaninsa shi ne faifai zai iya karɓar umarni har 32 a jere, ya sake musu tsari yadda allura ba za ta yi ta zirga-zirgar banza ba. Matsalar ita ce Windows XP, wanda ya fito a 2001, bai san AHCI ba. Idan aka sa faifan XP a na'urar da ke kan AHCI sai ya ce bai ga haddis ba. Don haka masu ƙera madabod suka saka zaɓin da zai sa SATA ta yi shigar tsohon tsari, IDE. Dell ya kira shi ATA, ThinkPad ya kira shi Compatibility, wasu kuma Legacy.

A nan gida XP ya daɗe ƙwarai, har bayan Microsoft ya daina kula da shi a 2014. Masu gyara sun saba juya saiti zuwa IDE don XP ya shiga, daga baya a ɗora Windows 7 ko 10 a kai ba tare da an mayar ba. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake kira na Beljiyam, waɗanda ke shigowa ta Legas su iso shagunan Ahmadu Bello Way da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sun ratsa hannu uku ko huɗu kafin su iso mai su na yanzu, kuma babu wanda ya san abin da na baya ya taɓa. A irin waɗannan na'urori, samun saiti a kan IDE ba abin mamaki ba ne.

To, me ake samu idan an mayar AHCI? A haddis mai juyi, kwafar babban fayil ba ta canzawa sosai. Inda ake jin sauƙi shi ne lokacin da ayyuka da yawa ke neman faifai lokaci guda. A SSD bambancin ya fi fitowa, musamman wajen ƙananan fayiloli. Gyara ne mai kyau, amma ba shi ke mayar da awa ɗaya minti biyar ba.

Haɗarinsa kuwa sananne ne. Windows yana riƙe da direban tsarin da aka girka shi a kai. Idan aka juya saiti kai tsaye, zai tashi bai gane faifansa ba, sai shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Nan ne wasu ke firgita su ce haddis ya mutu, wani mai gyaran kuma ya ce sai an yi fomatin, kaya su salwanta a banza. Alhali mayar da saitin yadda yake zai tashe ta nan take. Hanyar da ta dace a Windows 10 da 11 ita ce a buɗe msconfig a zaɓi Safe boot, a sake kunnawa a shiga BIOS a juya zuwa AHCI, a bar Windows ya tashi a Safe Mode ya ɗauko direban da kansa, sannan a cire alamar Safe boot a sake kunnawa. Kafin a fara, a tabbatar an san kalmar sirrin shiga, a kuma duba ko faifan na kulle da BitLocker. Idan yana kulle, taɓa BIOS na iya sa ya nemi mabuɗi mai lamba 48, kuma na'urar da aka saya a hannu sau da yawa mabuɗinta yana wajen wani kamfani a Turai ko Amurka da ya daɗe da mantawa da ita.

Sababbin Dell suna zuwa a kan RAID On, wasu na'urorin Intel na baya-bayan nan kuma a kan VMD. Ga mai faifai guda, bambancin gudu tsakaninsu da AHCI kaɗan ne. Wanda kuwa ke da fayafai biyu da aka haɗe su suka zama ɗaya, ko ƙaramar ma'ajiyar Optane, kada ya kusanci wannan saiti, domin raba su na iya tafiya da bayanan.

Sauran saitin da ke da tasiri

Bayan na IDE da AHCI, saiti na biyu shi ne na USB, kuma ga masu tura fina-finai ya ma fi na farko muhimmanci. USB 3.0 ta fito a 2008, ana gane bakinta da shuɗin harshe ko alamar SS. Tana aiki ne da wani tsari mai suna xHCI, kuma a na'urorin wajen 2012 zuwa 2014 akwai zaɓinsa a BIOS: Enabled, Disabled, Auto ko Smart Auto. Windows 7 bai zo da direban USB 3.0 ba, don haka wasu masu gyara kan kashe xHCI don linzami da madannai su yi aiki lokacin girkawa. Sakamakon shi ne shuɗin baki ya koma gudun USB 2.0. Alamarsa a bayyane take: gudu ya tsaya cak tsakanin 30 da 40 ko wane faifai aka soke. Wannan shi ne wurin da saiti ɗaya zai iya ninka gudu sau uku da gaske. Sai dai kafin a zargi BIOS a gwada wani kebul, domin kebul ɗin da bakinsa ya saki ko wanda bai shiga sosai ba yana haifar da irin wannan alama daidai.

Na uku shi ne hawa na SATA ko na PCIe (bakin da SSD ta NVMe ke hawa), inda wasu alluna ke ba da damar a tsayar da shi a Gen1, Gen2 ko Auto. Auto ne daidai. Amma a nan sau da yawa matsalar ba ta saiti ba ce, ta baki ce. Allunan Intel na 2011 irin H67 da P67 bakuna biyu kawai ke da gigabit 6, sauran na 3 ne, H61 kuwa, wanda ya cika kwamfutocin ofis masu araha, ba shi da na 6 daga Intel ko ɗaya. SSD a kansa za ta tsaya wajen megabait 270, babu saitin da zai ɗaga ta. Haka ma SSD da aka saka a gurbin DVD na laftof, a wasu na'urori gurbin yana kan baki mai ƙarancin gudu.

Ba a rasa lokutan da laifin na BIOS ɗin ne kansa. Sanannen misali shi ne ThinkPad T61 na 2007, wanda allonsa zai iya gigabit 3 amma manhajar kamfani ta tsayar da shi a 1.5, har masu sha'awa suka fito da gyararriyar BIOS tasu don cire takunkumin. An kuma taɓa samun aibi a jikin ƙarfen: a Janairun 2011 Intel ya sanar cewa bakunan SATA masu gigabit 3 na rukunin farko na allunan jerin 6 suna iya lalacewa sannu a hankali, aka janye su daga kasuwa. Irin wannan babu saitin da ke warkar da shi.

Akwai wani ɗan abu da ake yawan mantawa: batirin madabod, mai kama da kwabo, lamba CR2032, mai bolt 3. Shi ke riƙe agogo, kuma a tsofaffin alluna har da saiti. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta saitin zai koma na kamfani, wanda a wasu tsofaffin alluna IDE ne. Kwamfutar tebur da ke tashi da safe tana nuna shekarar da ta wuce da daɗewa, tana kuma neman a danna F1, batiri take nema.

Saɓanin masu gyara

Ra'ayi ya rabu kusan gida uku. Akwai masu cewa a fara da BIOS domin kyauta ne, minti biyar ya isa. Suna da hujja a kan tsofaffin na'urori, amma a na'urar da aka ƙera bayan 2015 da wuya a ma sami zaɓin IDE, don haka shigarsu ba ta da abin da za ta tarar. Akwai masu ɗora komai a kan bairos, maganinsu kuma fomatin. Gaskiya ne bairos mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ya addabi filash a shagunan buga takardu, kuma manhajar tsaro da ke binciken kowane fayil tana rage gudu. Amma fomatin yana ɓoye ciwon faifai na 'yan makonni ne kawai, sannan ya dawo. Na uku su ne masu cewa a cire haddis a sa SSD a huta. Ta fuskar gudu su suka fi gaskiya, babu wani gyara da ya kai wannan tasiri a tsohuwar laftof. Inda maganarsu ke da rauni shi ne kuɗi, ga mai ajiye terabait biyu ko huɗu na bidiyo, da kuma jabu. Kasuwa na ɗauke da filash da SSD da aka rubuta wa girman da ba su da shi, ga arha mai jan ido. Manhajar H2testw tana cika ma'ajiya ta sake karantawa, ta tona asirin irin waɗannan.

Abin da ya fi dacewa shi ne a auna kafin a taɓa. CrystalDiskMark yana nuna gudun faifai, CrystalDiskInfo kuma yana nuna hawan SATA da faifan ke kai a yanzu da wanda zai iya, tare da rahoton lafiyarsa da ake kira SMART. Dukansu kyauta ne. Idan gudu ya tsaya a lamba guda kamar an ja masa layi, 35 ko 140 ko 270, to hanya ce ta takure, nan ne ake duba baki da kebul da BIOS. Idan kuwa yana hawa yana faɗuwa har sifili, ya tsaya ya sake tashi, faifan ne da kansa.

Abubuwan da ba ruwansu da BIOS

Mafi yawan jinkirin da ake kai wa masu gyara a nan yake. Faifan da ya fara samun gurɓatattun gurabe yana maimaita karatu sau da yawa kafin ya wuce, kuma SMART zai nuna launin rawaya a kan Reallocated ko Pending Sectors. Idan lambar CRC ce ke hawa a rahoton, kebul ne ko baki mai datti. Yanayin Kaduna yana da hannu: ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Maris da Afrilu yana kai faifai kusa da iyakarsa, wadda ga yawancin haddis maki 55 zuwa 60 ce a ma'aunin Selsiyas, SSD ta NVMe kuma tana rage gudu da kanta idan ta yi zafi. Ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu, da sauyawa daga NEPA zuwa janareta, suna gajarta ran faifai.

Faifan da ya kusa cika ma yana rage gudu, domin haddis yana fara rubutu daga bakin faifai inda zagaye ya fi faɗi, yana shiga ciki gudu na raguwa har kusan rabi. Na'ura mai RAM gigabait 4 a kan Windows 10 kuma tana mayar da haddis wurin ajiyar wucin gadi, shi ya sa Task Manager ke nuna faifai a kan kashi 100 ko ba a kwafar komai.

Sai nau'in SMR, wanda ake jera layukan rubutunsa suna hawa kan juna don a sami ƙarin wuri. Yana karatu lafiya, amma idan aka daɗe ana zuba masa kaya sai gudunsa ya faɗi warwas. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan an gano Western Digital yana sayar da wasu WD Red masu wannan tsari ba tare da ya bayyana ba, Seagate da Toshiba ma suka fito da jerin nasu. Yawancin ƙananan haddis na waje masu terabait ɗaya zuwa sama a yau irin wannan ne. Mai bidiyon da gudunsa ke faɗuwa bayan ya daɗe yana zuba kaya, mai yiwuwa da halittar faifan yake fama.

Sabunta BIOS da matsalar wuta

Shawara ta ƙarshe da ake bayarwa, kuma mafi haɗari, ita ce a sabunta BIOS ɗin, abin da masu gyara ke kira filashin. Yana da amfani idan bayanin kamfani ya ambaci ainihin matsalar, misali rashin gane wata SSD. In ba haka ba, da wuya ya ƙara gudu. Aikin yana goge tsohuwar manhaja ya rubuta sabuwa, kuma idan wuta ta yanke a tsakiya na'urar na iya zama gawa, sai an ciro 'yar ma'ajiyar ko an maƙala mata na'urar rubutu. A garin da ya shafe kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024, bayan lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, wannan ba ƙaramin la'akari ba ne. Laftof tana da kariyar batirinta, shi ya sa manhajojin HP da Dell kan ƙi farawa sai an soke caja kuma batiri na da caji. To amma yawancin na hannu batirinsu ya gaji, wasu masu gyara kuma sun san dabarar tsallake wannan sharaɗi. Kwamfutar tebur ba ta da wannan kariya ko kaɗan, sai da UPS ko inbata.

Akwai dalilin da zai sa mutane su riƙa shiga BIOS fiye da da. Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana neman UEFI da tsarin tsaro na TPM 2.0, wanda a na'urori da dama sai an kunna shi a BIOS ƙarƙashin sunan PTT ko fTPM. Ofisoshi da makarantu da cibiyoyin jarrabawar JAMB duk wannan sauyi zai shafe su, kuma hannun da ya shiga neman TPM yana iya taɓa saitin SATA bisa kuskure. Ɗaukar hoton kowane shafi da waya kafin a canza komai, da canza abu ɗaya kawai a kowane zagaye, suna sa a iya komawa baya. Idan kuwa SMART ya riga ya nuna rawaya, ko faifan ya fara ƙaras-ƙaras, a jingine gwajin gudu da saiti, domin kowane gwaji ƙarin wahala ne gare shi. A fara kwashe takardu da hotunan da ba su da kwafi zuwa wani faifan, fina-finan da za a iya sake samu su zo daga baya.